Hannun da Ya Taɓa Abinci Bayan An Sauke Tukunya: Tsaftar Madafin Gida da ta Gidan Sayar da Abinci

Idan ciki ya ɓaci wa mutum a gidajenmu, tambayar farko da ake yi masa ita ce me ya ci a waje. Ba kasafai ake tuhumar tuwon daren jiya ba, ko kwaɗon da aka yi da rana, ko furar da aka dama wa yara, domin mun taso da yaƙinin cewa abincin gida shi ne mai tsafta, na kasuwa kuwa sai dai a ci da addu'a. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan yaƙini, amma ya rufe mana ido daga wani abu mai muhimmanci, wato ƙwayar cuta ba ta san bambancin madafin uwargida da kicin ɗin otal ba. Abin da ya raba wuraren biyu shi ne yawan bakunan da za su ci, da tsawon lokacin da abincin zai zauna kafin a ci, da yawan hannayen da za su taɓa shi, da kuma ko akwai wanda ke sa ido a kan mai girkin.

Lamarin ba ƙarami ba ne. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015, kimanin mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, mutum 420,000 kuma suna rasa rayukansu, daga cikinsu akwai yara 125,000 da ba su kai shekara biyar ba. Yankin Afirka ne ya fi kowane yanki ɗaukar wannan nauyi idan aka auna da yawan jama'a, inda aka ƙiyasta masu kamuwa miliyan 91 da masu mutuwa 137,000 a shekara. Mafi yawan waɗannan cututtuka na amai da gudawa ne, kuma hannun ɗan Adam yana cikin manyan hanyoyin da suke bi su isa baki.

Hanyar da hannu ke ɗauko cuta ba ta da yawa. Babbar hanya ita ce ta bayan gida: ƙwayoyin taifot da kwalara da atini da ciwon hanta nau'in A duk suna fita ne a cikin kashin mai ɗauke da su, sai ɗan abin da ido ba ya gani ya maƙale a ƙarƙashin ƙumba ko tsakanin yatsu. Akwai kuma ɗanyen nama da kaza da ƙwai, waɗanda ke zuwa da nasu ƙwayoyin tun daga mayanka. Sannan akwai jikin mai girkin kansa, domin kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da wata ƙwayar bakteriya mai suna Staphylococcus aureus a cikin hancinsa ba tare da tana yi masa komai ba, haka nan ana samun ta a ƙurji da yanka da ya yi ruwa. Kusan duk waɗannan ƙwayoyi wuta tana kashe su idan zafin cikin abincin ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ne ya sa, a ganina, tambayar sau nawa mai girki ya wanke hannu ba ta kai wata tambayar nauyi ba: a wane hali hannun yake lokacin da ya taɓa abincin da ba zai sake komawa wuta ba?

Labarin da ya fi fito da wannan fili ya faru ne a Amurka fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma a madafin gida ya faru. A lokacin zafi na shekarar 1906, mutum shida cikin goma sha ɗaya da ke zaune a wani gidan masu kuɗi a Oyster Bay, kusa da birnin New York, suka kwanta da zazzaɓin taifot. Aka ɗauko wani injiniyan tsaftar muhalli mai suna George Soper, ya binciki ruwa da madara da magudanar gidan bai ga komai ba, sai hankalinsa ya koma kan kukun da aka ɗauka 'yan makonni kafin ɓarkewar ciwon, wata mata 'yar asalin Ailan mai suna Mary Mallon. Da ya bi sawun gidajen da ta yi aiki, ya tarar cikin gidaje takwas an yi taifot a bakwai. Ita kuwa lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa yarda cewa tana ɗauke da wata cuta ba har ta bar duniya. Abin da ya ɗaure wa Soper kai shi ne yadda dafaffen abinci zai ɗauki cutar, har ya gano cewa tana haɗa wani abin ci mai sanyi na askirim da ɗanyen 'ya'yan itace da take yankawa da hannunta, abin da ba ya ganin wuta ko kaɗan. An killace ta a 1907, aka sake ta a 1910 bisa alkawarin ba za ta ƙara girki ba, ta koma sana'arta da wani suna, sai a 1915 aka sake gano ta a kicin ɗin wani asibitin haihuwa bayan mutum 25 sun kamu. Ta zauna a killace a wani tsibiri har ta rasu a 1938. Yau an san cewa wasu daga cikin waɗanda suka warke daga taifot suna ci gaba da ɗauke da ƙwayar a matsarmamarsu shekara da shekaru, suna fitar da ita ba tare da sun sani ba.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan abincinmu, za a ga inda haɗarin yake zaune. Miyar kuka da ta tafasa aka zuba ta da ludayi ba ta da matsala sosai, haka tuwon da aka kwashe da mara yana tururi. Amma kwaɗon zogale ko na rama, bayan an dafa ganyen ya huce, da hannu ake matse shi, da hannu ake cakuɗa shi da ƙuli-ƙuli da ɗanyen tumatir da albasa, daga nan sai baki. Fura bayan an dafa ta an kirɓa, da tafin hannu ake cura ta, ta wuni ko ta kwana kafin a dama. Latas da kabeji da kokwamba da ake ɗorawa a kan shinkafa, albasar da mai tsire ke yankawa a kan nama, ƙanƙarar da ake fasawa a jefa cikin zoɓo, dabino da cukwi da ake ɗiba da hannu, duk suna cikin wannan sahu. Akwai kuma wata ɗabi'a da muka saba da ita har ba ma ganin ta, wato hura leda da baki domin ta buɗe kafin a zuba kunu ko a ƙulla tuwo, wadda ke kai abin da ke cikin bakin mai sayarwa da hancinsa kai tsaye cikin abincin.

Madafin gida yana da garkuwar da gidan sayar da abinci ba shi da ita. Mutanen da za su ci kaɗan ne, yawanci ana ci da zafi-zafi, hannayen da ke aikin ba su wuce biyu ko uku ba, kuma mai girkin ita da 'ya'yanta ne za su ci, don haka ba ta bukatar wani ya tsaya a kanta kafin ta kula. Sai dai yana da raunin da dokokin ƙasashe da yawa suka haramta wa gidan abinci. Matar da ke tuƙa tuwo ita ce za ta ajiye muciya ta je ta yi wa yaro tsarki, ita ce za ta zubar da fo, ita ce za ta ba awaki dusa ta kori kaji daga bakin murhu, ita ce kuma mai jinyar duk wanda ya kwanta a gidan. Idan ita kanta gudawa ta kama ta, ba ta da hutun rashin lafiya, sai dai ta daure ta ɗora tukunya domin yara ba za su kwana da yunwa ba. Ba a faɗin wannan don a ɗora wa mata laifi. Aikin ne ya haɗu a hannu ɗaya, kuma sau da yawa mai gidan da ke ƙorafin tsafta bai taɓa tambayar ko akwai sabulu a bakin makewayi ba. Kashin jariri ma, wanda mutane da yawa suke ɗauka ba shi da wata illa, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, wani lokaci ma fiye.

Akwai wasu abubuwa uku a tsakar gida da nake ganin sun fi komai rusa wankin hannu bayan an yi shi. Kwanon wanke hannu guda ɗaya da ake zagayawa da shi kafin cin abinci, a fara da babba a ƙare da ƙarami, yana tara dattin kowa ne ya miƙa wa wanda jikinsa ya fi rauni. Ladabin da ke cikin al'adar ba zai ragu ba idan aka maye gurbin tsoma hannu da zuba ruwa daga buta, ƙarami ya zuba wa babba, ruwan ya gangara cikin kwano. Randa kuma, idan moɗar da ake ɗiba da ita tana yawo daga ƙasa zuwa baki zuwa cikin ruwa, yatsun mai ɗiba suna nutsewa tare da ita, to ruwan da aka sayo mai kyau ya gurɓace kafin ya kai tukunya. Addini ya riga ya ja kunne a kan wannan, domin a hadisin da Abu Huraira ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya tashi daga barci tsoma hannunsa a mazubin ruwa har sai ya wanke shi sau uku, saboda bai san inda hannun ya kwana ba. Na ukun shi ne tsumma. Tsumma ɗaya ake sauke tukunya da shi, a goge wuƙar da aka yanka nama, a share faranti, a goge hannu, kuma yana wuni a jiƙe cikin ɗumi, wanda shi ne yanayin da bakteriya ta fi so. Wanda ya wanke hannu da sabulu sannan ya goge da irin wannan tsumma ko da gefen zanin da ya wuni a jiki ya koma inda ya fito.

Shi wankin kansa ba shi da wuya, amma yana da sharuɗɗa. Ruwa kaɗai yana rage datti, sai dai maiƙon fata yana riƙe ƙwayoyin cuta, sabulu ne ke narkar da maiƙon ya sake su, cuɗawa ta ɓamɓare su, ruwan da ke zuba ya tafi da su. Ana so a cuɗa na aƙalla daƙiƙa 20, a bi bayan hannu da tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin ƙumba, sannan a bar hannun ya bushe a iska idan babu tawul mai tsafta. Ba a bukatar sabulu mai tsada. A wani bincike da aka yi a unguwannin marasa galihu na birnin Karachi a Pakistan, wanda aka wallafa a 2005, gidajen da aka ba sabulu aka riƙa ziyartar su ana tunatar da su sun samu raguwar gudawa a tsakanin yara da kusan rabi, kuma sabulun gama-gari ya yi aiki daidai da wanda aka rubuta masa cewa yana kashe ƙwayoyin cuta. Sanitaiza da ta yaɗu a lokacin korona ba ta maye gurbin sabulu a madafi, domin ba ta aiki sosai a hannun da ke da maiƙo ko gari, kuma ba ta da ƙarfi a kan norobairos, ƙwayar da ke haddasa amai da gudawa mai saurin yaɗuwa. Tsarki da buta da muke yi abu ne mai kyau, amma bai kammala ba idan ba a bi shi da sabulu ba, kuma raba aiki tsakanin hannun dama da na hagu ba ya ceton mai girki, tunda ba a cura fura ko yanka albasa da hannu ɗaya.

Gidan sayar da abinci kuwa, matsalarsa ta lissafi ce. Kuskuren da zai kwantar da mutum biyar a gida zai kwantar da ɗari biyu a can. Lokaci ma yana gāba da shi, domin ana dafawa da safe a sayar har dare. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 bakteriya ke hayayyafa, kuma idan ta samu yanayin da take so tana iya ninka kanta duk minti 20, wato ƙwaya ɗaya ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba, kuma wannan ƙa'ida ta fi tsanani a wuri irin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Kular da ake zuba shinkafa a ciki tana riƙe zafi na ɗan lokaci, daga nan sai ta koma riƙe ɗumi, wanda ya fi sanyi haɗari. Shinkafa tana zuwa da ƙwayar Bacillus cereus wadda ke jure dafuwa, ta farfaɗo idan abincin ya huce a hankali. Ita da Staphylococcus ɗin da hannu ke sakawa suna zubar da guba a cikin abincin, kuma gubar ba ta mutuwa da ɗumame. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, su ce ai an ɗumama ya yi zafi, ga shi bai yi tsami ba, bai canza wari ba. Abincin da ke kwantar da mutum sau da yawa kamanninsa da ƙamshinsa lafiya lau suke.

Saboda waɗannan dalilai ne aka mayar da tsaftar gidan abinci rubutacciyar doka maimakon a bar ta ga halin mutum. Hukumar Codex Alimentarius, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ta fitar da ƙa'idojin tsaftar abinci a 1969, kuma daga baya ta rungumi tsarin da ake kira HACCP, wanda ya samo asali a shekarun 1960 lokacin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da kamfanin abinci na Pillsbury suke neman hanyar tabbatar da cewa abincin 'yan sama jannati ba zai sa su rashin lafiya ba. Hikimar tsarin ita ce a bi abinci mataki-mataki daga sayowa zuwa faranti, a gano gaɓar da idan aka yi sake a cikinta babu wata gaɓa a gaba da za ta gyara, sai a tsananta a wurin. Kundin ƙa'idojin abinci na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ya wajabta wurin wanke hannu na daban wanda ba a wanke kwano ko ganye a cikinsa, ya hana taɓa abincin da ya gama dahuwa da tsiraicin hannu sai da cokali ko matsefi ko safar hannu, ya hana zobe mai ado da awarwaro da dogayen ƙumba ga mai haɗa abinci. Kowace doka a cikinsu amsa ce ga wata hanya da aka ga cuta ta bi.

Safar hannu ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta zama abin ado a wuraren cin abinci na zamani a Kano da Kaduna da Abuja. Na sha tsayawa a gaban mai haɗa shawarma yana sanye da safar roba, ya karɓi kuɗi da ita, ya danna na'urar POS, ya ɗaga waya, ya gyara hula, sannan ya ɗebi kabeji ya naɗe burodin da zan ci. Safar ta kare hannunsa daga maiƙo, ni kuwa ba ta kare ni daga komai ba, har ma ta cire masa jin danƙon da zai tunatar da shi ya wanke hannu. Amfaninta yana nan ne kawai idan an wanke hannu kafin a sa ta, aka keɓe ta ga aiki ɗaya, aka jefar da ita da zarar an taɓa wani abu.

Dokar da ta fi kowace wuyar aiwatarwa ita ce ta ma'aikaci marar lafiya. A Birtaniya ƙa'idar ita ce mai amai ko gudawa ba zai koma aikin abinci ba sai ya yi awa 48 da warkewa. A wurinmu yaron da ke wanke-wanke da zuba abinci kuɗin yini ake biyansa, ranar da bai zo ba babu ko sisi, wataƙila ma ya tarar an ɗauki wani a gurbinsa, don haka zai ɓoye ciwonsa ya sha magani ya fito. Takardar gwajin lafiya da ake nema daga masu sayar da abinci tana da amfaninta, amma tana ba da labarin ranar da aka yi gwajin ne kawai. Mai gidan abincin da ya yarda ya biya yaronsa kuɗin kwana biyu ya zauna a gida ya fi wanda ya rataye takardu goma a bango kare abokan cinikinsa.

Kada kuma a ɗauka duk abincin bakin titi abin gudu ne. Ƙosan da aka tsamo daga tafasasshen mai a gaban idonka, ko wainar da aka ɗauke daga tanda, ko tsiren da aka mayar kan wuta ya yi zafi har ciki, sun fi salak ɗin babban otal da ya wuni a kan tebur aminci. Raunin mai shayi da mai abincin rumfa yana wurin ruwa: bokiti ɗaya ake ɗauraye kofuna da cokula tun asuba har ruwan ya yi kauri, saboda kowace jarka sayen ta ake yi a hannun 'yan garuwa, kuma hannun da ke karɓar tsofaffin takardun kuɗi shi ne ke yanka burodi. Bokiti mai famfo da murfi, irin wanda wata ma'aikaciyar kimiyya 'yar Gana mai suna Veronica Bekoe ta ƙirƙiro, ya cika ƙofofin shaguna a lokacin Ibola a 2014 da lokacin korona a 2020, ya nuna cewa ana iya samar da ruwa mai zuba ko babu famfon gwamnati. Da annobar ta lafa sai aka mayar da yawancinsu wurin jiƙa wanki.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne tsakiyar waɗannan biyun, domin a ƙasar Hausa iyakar da ke tsakanin girkin gida da na sayarwa kusan babu ita. Ɗanwake da alale da awara da dambu da kunun zaƙi da 'yan talla ke yawo da su, a tsakar gida aka yi su. Matan da ke tallata cincin da samosa da abincin ofis ta WhatsApp da Instagram, a kicin ɗin gidajensu suke aikin. Haka girkin biki da na suna da na sadakar uku da bakwai, da ciyarwar azumi da ake rabawa ɗaruruwan mutane. A duk waɗannan wurare madafi ya gaji haɗarin gidan sayar da abinci, wato yawan masu ci da tsawon lokaci da yawan hannaye, ba tare da ya gaji ko ɗaya daga cikin ƙa'idojinsa ba.

Na ga wannan da idona a wani bikin danginmu. Tun bayan sallar Asuba aka ɗora manyan tukwane, kafin ƙarfe goma shinkafa ta sauka an juye ta cikin kuloli. Mata wajen goma sha biyu suka zauna a kan tabarma suna yanka kabeji da karas, ga yara suna rarrafe a tsakaninsu, ga baho ɗaya na ruwa a gefe wanda kowa ke tsoma hannu a ciki idan ya tashi ya dawo. Katakon da aka daddatsa kaji a kansa aka ɗauraye shi da ruwa aka ci gaba da yanka kokwamba. Ba a fara rabon abinci ba sai bayan La'asar, wasu robobin ma sai bayan Isha'i suka isa gidajen maƙwabta. Washegari gidaje da dama suka tashi da amai da gudawa, aka kai wata tsohuwa da yara biyu asibiti aka ƙara musu ruwa, Allah Ya sa abin ya tsaya a nan. Babu ƙazama ko ɗaya a cikin matan nan, kowacce gidanta fes yake, kuma kowacce ta yi abin da take yi kullum a madafinta. Sai dai abin da ke wucewa lafiya idan mutum shida za su ci nan take ba ya wucewa idan mutum ɗari uku za su ci bayan awa takwas. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, kuma gaskiya ne a wajen ci da wajen taimakon juna, amma a wajen haɗa abincin da ba zai koma wuta ba, kowane ƙarin hannu ƙarin ƙofa ne.

Wa ke da alhakin sa ido a nan? A Najeriya kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kula da gidajen abinci da gidajen burodi da sauran wuraren sayar da abinci a kan ƙananan hukumomi, hukumar NAFDAC kuma, wadda aka kafa a 1993, ta fi mayar da hankali kan abincin da aka sarrafa aka ƙulla da ruwan leda da na gora. Dattawa suna tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida ya buɗe randa ya leƙa masai, kowa yana shakkarsa. Yau ma'aikatan suna nan amma sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma babu mai tsammanin su shiga kowane gida da ake soya awara. A Birtaniya duk mai son sayar da abinci daga gidansa sai ya yi rajista da ƙaramar hukumarsa kwana 28 kafin ya fara, a zo a duba kicin ɗin, a mafi yawan sassan ƙasar kuma a ba shi maki daga 0 zuwa 5. Ba na ganin kwafo wannan tsari kai tsaye zai yi mana aiki, domin zai iya zama wata hanyar tatsar matan da ɗan jarin nan ne rufin asirinsu. Koyarwa ta fi kamu amfani a nan, ta hanyar makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin masu sana'a da gidajen rediyo, waɗanda muryarsu ke shiga inda duba-gari ba ya shiga. Kuma duk koyarwar za ta tsaya a baki idan babu ruwa. Kwalarar 2021, wadda alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, suka nuna ta shafi fiye da mutum 100,000 ta kashe sama da 3,500, ta fi tsanani ne a jihohi irin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara, a unguwanni da ƙauyukan da tsaftataccen ruwa da makewayi suka yi ƙaranci. Wanda ke auna ruwan jarka tsakanin sha da girki da alwala ba zai zubar da shi wajen wanke hannu sau goma ba, sai dai a nuna masa lokutan da ba a sassauci a cikinsu.

Gida ba ya bukatar ya zama otal. Uwargida ba ta bukatar safar hannu ko farar riga ko littafin rubuta zafin firji, kuma iyalin da ke cin abinci da hannu a kwano ɗaya ba su yi laifin komai ba muddin hannayen sun ga sabulu. Abin da ya kamata gida ya aro shi ne tunanin nemo gaɓar da ba ta da gyara. A aikace wannan yana nufin buta da sabulu su zauna a bakin makewayi, wasu kuma a bakin madafi, domin sabulun da ke ƙulle a ɗaki don kada yara su ɓarnatar ba ya wanke hannun kowa. Yana nufin a gama yankan ganye da duk abin da za a ci ɗanye kafin a taɓa nama, ko a ware musu wuƙa da katako na daban. Kazar da aka yanka aka fige a gida dole a wanke ta, amma a yi hakan can nesa da kwanuka da randa, a zubar da ruwan inda yara ba sa wasa, a bi hannu da wuƙa da sabulu nan take. Ranar da mai girki ke fama da ciki, wata ta karɓe ta, idan kuma babu wata to a tsaya kan abincin da ake kwashewa da ludayi daga wuta zuwa kwano, a bar kwaɗo da fura sai ta warke. Idan taro ne, a raba girkin kashi biyu ko uku gwargwadon lokacin rabo, a bar yankan salak ya zama aikin ƙarshe a hannun mutum biyu da aka zaɓa, a ajiye musu bokiti mai famfo da sabulu a gefen tabarmarsu, kuma a ce da masu kai robobi gidajen maƙwabta su tafi da su tun suna da zafi.